Rayuwar mata a bakin dajin Bajiniya

Malama, kin tambayi yadda mace ta rayu cikin baƙin Sikotlan da Jamusawa a Amurka ta da. Aiki ba hutu: kaɗi, saƙa, noman masara, haihuwa babu likita.

Dubi Mary Draper Ingles, wata mace da ta zauna a bakin dajin Bajiniya. 'Yan ƙabilar Shawnee, 'yan asalin Amurka, suka kama ta a 1755, ta gudo da wata tsohuwa Bajamushiya, suka bi gaɓar kogin Ohayo da wasu koguna da ƙafa, kwana arba'in da 'yan kai. Labarinta yakan taɓa min zuciya.

Ki kiyaye: kalmar Turanci "Dutch" a tsofaffin takardun yankin galibi Jamusawa ake nufi, ba mutanen Holan ba. Baƙin Sikotlan ɗin kuwa daga arewacin Ailan suka zo. In rajistar coci za ki karanta, nemi masanin tarihi, tsohon rubutun Jamusanci yana da wuya.