Takardun masu adawa da wariyar launin fata a Turai: na intanet sun wadatar?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan ƙungiyoyin Turai da suka yi adawa da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Kuɗin tafiya babu, biza ta gagara. Wani ya ce zai sayar mini da "dukkan" takardunsu a filashi. Na kuma nemi shaidar kuɗin da aka ce ana aika wa iyalan fursunonin siyasa, ban gani ba. Ko dai ƙarya ce? Lokacin miƙa aiki ya ƙarato, hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, ki kuma riƙe kuɗinki. Mai filashin nan zai kwaso miki ne abin da ke kyauta a shafin Forward to Freedom na AAM, ƙungiyar adawa da wariyar launin fata ta Birtaniya, wadda ta soma da kiran ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu a Landan cikin Yunin 1959. Akwatunan takardunta na ainihi suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, na ƙungiyoyin Holan kuma suna cibiyar nazarin tarihin zamantakewa ta IISG a Amsterdam. Abin da aka ɗora a intanet tsakure ne.

Tambayarki ta biyu ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai ɗalibi ya zo mini da ita: ban gani a rubuce ba, ashe bai faru ba. Da wannan tunanin ake ƙaryata mutanen da suka sayar da rayukansu, har wasu su ɗauki rashin sunan mutum a takarda hujjar cewa ɗan leƙen asiri ne. Haba!

Kuɗin da kike nema na IDAF ne, asusun kare fursunonin siyasa a kotu da tallafa wa iyalansu, wanda limamin coci John Collins ya jagoranta daga Landan. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta haramta shi a 1966, karɓar kuɗinsa ya zama laifi. Sai aka koma biyan lauyoyi ta bayan fage, 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban kuma suna rubuta wa iyalan fursunoni wasiƙa kamar abokan arziki, su haɗa da kuɗi. Da gangan aka ɓatar da sawu. Ba tsoron banza ba ne kuwa. Craig Williamson, ɗan sandan ciki na gwamnatin wariya, ya kutsa wata ƙungiyar bayar da tallafin karatu a Geneva har ya zama babba a cikinta, asirinsa bai tonu ba sai 1980. An dasa bam a ofishin ANC, ƙungiyar gwagwarmayar 'yantar da Afirka ta Kudu, da ke Landan a 1982. An harbe wakiliyar ANC Dulcie September a Paris a 1988. A irin wannan hali wa zai rubuta sunayen mutane a rahoton taro?

Ɓangaren gwamnatoci ma bai bar miki komai cikakke ba. Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu don binciken laifukan zamanin wariya, ta gano cewa hukumar leƙen asirin ƙasar ta lalata kusan tan 44 na takardu a 1993. Gwamnatin Suwizalan kuwa, ana tsakiyar binciken da ita kanta ta sa masana su yi kan hulɗarta da Afirka ta Kudu, sai ta garƙame fayilolin a 2003, ba ta buɗe ba sai 2014. Wai kare kamfanoninta take yi daga ƙararrakin da waɗanda mulkin wariya ya cutar suka shigar a Amurka.

Sannan a Turai kike ta lalube, alhali takardun IDAF an mayar da su ɗakin adana na Mayibuye a Jami'ar Western Cape da ke Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990.

Ki buɗe kundin jerin takardu na kowace cibiya, ki fitar da lambar akwati da ta fayil, sannan ki aika wa mai kula da adanar imel ki nemi kwafi. Kada ki rubuta "ku turo mini duk abin da kuke da shi", ba za su amsa ba. Ki haɗa da hirarrakin tsofaffin 'yan gwagwarmaya da cibiyar nazarin Afirka ta Uppsala a Suwidin ta tattara, domin abin da suka ƙi rubutawa a lokacin sun faɗe shi da baki daga baya.