Amsa: Gano nau'in tsutsar da ke ƙulle saiwar tumatir

Malam, ka ce ka shuka irin tumatir mai jure tsutsar saiwa, amma duk da haka saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, kana tambaya ko gwajin DNA zai nuna dalili. Zai nuna, in an ɗauki samfur daidai.

A tone saiwa daga wurare da dama a gonar, domin sau da yawa nau'i biyu na zaune a fage ɗaya. A tsame matan tsutsar daga cikin kumburin da allura, kowace a bututunta, a zuba barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95. Kada a sa fomalin (ruwan adana samfur), yana lalata DNA. A ɗakin gwaji za a farfasa kowace tsutsa a ruwa mai sinadarin Proteinase K (mai narkar da furotin), awa ɗaya a zafin digiri 65, sannan minti 10 a 95. Wanda ya tsallake matakin 95 ɗin nan, Proteinase K zai cinye masa Taq (sinadarin da ke kwafar DNA), PCR, wato gwajin ninka DNA, ta fito babu komai.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaɓen yankin DNA da za a karanta. Yankin ITS ba ya raba nau'o'in tsutsar nan uku, Meloidogyne incognita da javanica da arenaria, kusancinsu ya yi yawa. A nemi yankin NAD5, ko firamar SCAR (guntun DNA da ke kama nau'i ɗaya kawai): firamar Fjav/Rjav tana ba da layi a 670 bp (ma'aunin tsawon DNA) ga javanica.

Ni dai nau'in Meloidogyne enterolobii zan fara zargi, don ƙwayar gadon Mi, wadda ke sa tumatir jure tsutsar, ba ta tare ta. In kuma ba ita ba ce, duba zafin ƙasa. Mi tana yin rauni da zarar ƙasa ta haura digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a fadamunmu daga watan Maris.