Babbar fiyano ta Yamaha, za ta jure hunturun Zariya kuwa?

Tambaya: Malam, ni ke kula da mawaƙa a wani coci a Sabon Gari. An yi mana tallar babbar fiyano irin mai kwance ɗin nan, Yamaha C3 tokumbo, tana Legas. Ta kai a zuba mata kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, wajen ƙira kam ba ni da ta cewa. Yamaha tun 1887 suke sana'ar kayan kiɗa a Hamamatsu ta Japan, kuma C3, mai tsawon santimita 186, aikinta mai kyau ne, muryarta tana cika coci ba sai an sa sifika ba. Damuwata inda za ta zauna ne.

Fiyano tana da tsirkiya sama da 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 20, kuma kowacce a naɗe take jikin ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako mai kauri. Katakon nan laima yake so daidai wa daida, wajen kashi 45 cikin 100, to kai ka san hunturunmu, leɓen mutum ma tsagewa yake balle katakon da ya yi shekaru yana shan iskar Japan sannan ta Legas, idan ya bushe sai ramukan su saki ƙusoshi, a yi saiti yau kafin wata ya zagayo murya ta zame. Gyaran wannan kuwa tsadarsa ba kaɗan ba.

Don haka kar ku biya ta waya. Ku tura mai saitin da kuka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba, ya ɗora makulli kan ƙusoshin ya ji ko suna da ƙarfi. Ya kwanta ƙarƙashinta da tocila ya duba faffaɗan allon da ke fitar da sauti, ko ya tsage ko haƙarƙarinsa sun ɓanɓare. Tsatsa a tsirkiya ma a duba, iskar teku ba ta raga wa ƙarfe. Lambar da ke jikin firam ɗin ƙarfe za ta nuna shekarar da aka ƙera ta, kar ku tsaya kan maganar baki.

In duk sun yi, ku saya, amma a ajiye ta nesa da taga, kuma ku ware kuɗin saiti sau biyu a shekara, bayan hunturu ya kama da bayan damina ta zauna. In kuma ba mai zuwa saitin, ni dai da fiyanon lantarki mai kyau zan ba ku shawara.