Ina karanta Faransanci, amma ba na gane shi a bakin masu shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kamba, kuma shekarata uku ina koyon Faransanci saboda harkokina a Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. Ina karanta takardun kaya, ina rubuta saƙo, amma da zarar jami'i ya buɗe baki sai in tsinci kalma ɗaya ko biyu kawai. Kunnena ne ke da matsala, ko karatun ne bai zauna ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kunnenka lafiya lau, kuma karatunka bai tafi a banza ba. Abin da ya faru shi ne ka adana kalmomin nan a ƙwaƙwalwarka da siffarsu ta takarda, ba da sautinsu ba, don haka idan suka zo maka ta kunne sai su wuce kamar baƙi.

A rubuce ana barin fili tsakanin kalma da kalma, amma baki ba ya barin wannan fili. Duk wanda ya yi karatun allo ya san haka, domin a Baƙara an rubuta "min rabbihim", amma malam zai biya maka "mir-rabbihim", nunun ya narke cikin harafin da ke gabansa. Mu ma a Hausa muna rubuta "ya yi mini", mu faɗi "yai min", ba tare da mun lura ba. Faransanci ya fi mu yin wannan nesa ba kusa ba. Kalmomin "les amis" suna fita a matsayin "lezami", harafin da ba a furtawa ya farfaɗo ya manne da kalma ta gaba. A maganar yau da kullum "je ne sais pas" kan koma "shepa", "il y a" kuma ya koma "ya". Kai kana jiran kalmomi huɗu da ka haddace, mai magana ya jefo maka gaɓa biyu ya wuce.

Akwai kuma sautukan da harshenmu bai raba su ba. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", balle mu nan yamma da muke cewa "tahi" a inda Bakano zai ce "tafi". Saboda haka "pain", wato burodi, da "faim", wato yunwa, suna iya zo maka da sauti ɗaya. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, alhali Faransanci yana da waɗanda ake fitarwa ta hanci da wasu da ba mu da su sam. Bambancin "dessus" da "dessous", wato sama da ƙasa, wasali ɗaya ne, kuma ga mai lodin kaya wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Batun sauri gaskiya ne, amma ana zuzuta shi. Wani bincike da masana daga Liyon ta Faransa suka buga a 2011 ya auna cewa mai Faransanci yana furta gaɓa kusan bakwai a daƙiƙa ɗaya, mai Ingilishi kusan shida. A ganina abin da ya fi cutar da ɗalibi shi ne fassara a zuci. Idan an ce maka "quatre-vingt-dix-sept", kafin ka lissafa ashirin sau huɗu da goma sha bakwai ka kai 97, an riga an faɗi jimla biyu. Zaman bakin iyaka ma yana da nasa cikas, domin da ka ɗan yi jim sai abokin maganarka ya tausaya maka ya juya zuwa Hausa ko Dandanci, kunnenka ya rasa aikin da yake bukata.

Barin rediyo a kunne yini guda ba zai gyara wannan ba, tunda sautin da ba ka iya yanka shi kalma-kalma hayaniya ce kawai. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne shifta. Gidan rediyon RFI yana da shirin labarai na minti goma cikin sauƙaƙan Faransanci, "Journal en français facile", wanda ake sakawa a intanet tare da rubutunsa. Ka ɗauki minti ɗaya kacal daga ciki, ka saurara sau uku ba ka duba rubutun ba, ka rubuta abin da ka ji, sannan ka gwada da nasu. Duk inda ka tarar da kalmar da ka sani amma ba ka ji ta ba, ka ja mata layi, ka sake saurare har ka kama yadda ta manne da maƙwabtanta, sannan ka maimaita da bakinka a bayan mai karantawa. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa uku ranar Juma'a.

Sai dai mai karanta labarai ba ya magana kamar jami'in da ke bakin iyaka. Don haka ka roƙi abokan cinikinka na Gaya su riƙa turo maka saƙon murya da Faransanci ta WhatsApp, ka yi musu irin wannan shifta, ka fara da farashi da lambobin mota. Idan kuna fuska da fuska aka juya maka zuwa Hausa, ka ce "répétez lentement, s'il vous plaît", a maimaita maka a hankali cikin Faransancin.