Na'urar kumfa ta ƙi tara datti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin teku a akwatin gilashi a Birnin Kebbi. Kwana huɗu ke nan da na haɗa na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, amma kofinta babu komai, kuma idan wuta ta dawo sai ya yi ambaliya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawa, domin sabuwar na'ura takan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin maiƙon masana'anta ya wanke, kumfa ya fara kama dattin da ya narke cikin ruwa ya hau da shi kofi. Ka auna gishirin tukuna, ya kai kusan giram 35 a kowace lita, saboda idan ya yi ƙaranci kumfan yakan yi girma ya fashe da wuri.

Abin da na fi zargi shi ne bututun iska, wanda busasshen gishiri da ƙurar hunturu ke toshewa. Ka sa bakin bututun cikin ruwan ɗumi marar gishiri, ya zuƙa ya wanke.

Ambaliyar kuwa daga hauhawar ruwa take a inda na'urar ke zaune, bayan famfon da ke juya ruwan ya tsaya da ɗaukewar wuta. Ka kashe na'urar, ka jira ruwan ya koma matakinsa kafin ka kunna.