Ɗana ya girma, makaranta ta sallame shi: ta yaya za mu sa jiha ta ware wa manya masu buƙata ta musamman kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 24, an haife shi da larurar ƙwaƙwalwa. Tun da ya gama makarantar masu buƙata ta musamman yake zaune a gida, ba sana'a, ba inda zai je da rana. Ni kuma girma ya fara kama ni, kullum tunanina wa zai riƙe shi bayan raina. Mu iyaye masu irin wannan hali mun kafa 'yar ƙungiya. Duk Disamba ana kiranmu taro, a raba shinkafa da kekunan guragu, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. Yaya za mu yi gwamnatin jiharmu ta sa kuɗin kula da 'ya'yanmu da suka girma a kasafinta?
Daga wata uwa a Arewa maso Yamma.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan riƙo, ya ba ki tsawon rai. Tambayarki ta taɓa ni, domin abin da kika faɗa gaskiya ne: yaro yana da makaranta, amma da ya zama magidanci ko budurwa sai kowa ya ɗauke kai, nauyin ya koma kan uwa ita kaɗai.

Bari in fara da taron nan na Disamba. Ranar 3 ga Disamba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu buƙata ta musamman, kuma ba laifi ba ne ku je. Sai dai duk kukan da kuka kai a ranar, ihu ne bayan hari. Shekarar kasafi a Najeriya daga Janairu take zuwa Disamba, kuma kafin wannan taro galibin gwamnoni sun riga sun miƙa kasafin baɗi ga majalisar dokoki, ko suna dab da miƙawa. Ainihin aikin tun damina ake yinsa. Wajajen Yuli zuwa Satumba ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ke aika wa kowace ma'aikata da hukuma takardar umarni, ta gaya mata iyakar kuɗin da za ta iya nema. Daga nan daraktan tsare-tsare na ma'aikatar, da babban sakatare, su zauna su rubuta abin da suke so. Abin da bai shiga wannan takarda ba, da wuya ya shiga daga baya. Saboda haka mutumin da ya kamata ku fara sani shi ne daraktan tsare-tsare na ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a a jiharku, tun kafin ku nemi ganin gwamna.

Kuna da doka a bayanku, kada ku je kamar masu roƙo. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta tanadi a ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman. Jihohi ma sun yi nasu: Filato tun 2005, Legas a 2011, Kaduna a 2021. To ku bincika abu uku a jiharku. Akwai doka? Dokar ta kafa hukuma? Hukumar tana da nata layi da lamba a cikin kasafi, wato gurbin da aka rubuta kuɗinta da sunanta, ko kuwa an cusa ta a ƙarƙashin wata ma'aikata tana jiran abin da ya rage? Wannan ta ukun ita ce zuciyar maganar. Hukumar da ba ta da layinta, ofis ne kawai da allo a ƙofa.

Yanzu ga inda ƙungiyoyi da yawa ke yin kuskure, kuma ina so ki karanta wa 'yan ƙungiyarku wannan sashe. Kasafi kashi biyu ne: kuɗin manyan ayyuka, da kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Jami'ai sun fi son na farkon, domin sayen kekuna da kekunan ɗinki abu ne da ake bayarwa kwangila, a yi biki, a gama a rana ɗaya. Keke yana da amfani ga mai buƙatarsa, ban raina shi ba. Amma ɗanki ba keke yake nema ba. Yana buƙatar wurin da zai je da safe ya dawo da yamma, malamin sana'a mai haƙuri da ya san irin larurarsa, motar da za ta kai shi, maganinsa in yana shan na farfaɗiya ko makamancinsa, da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya san gidanku ya san sunansa. Duk waɗannan albashi ne da mai da abinci, wato kuɗin da ake kashewa kowane wata. In aka gina muku cibiya ba a sa kuɗin gudanar da ita ba, shekara biyu za ku tarar da awaki a ciki. Don haka in kun rubuta buƙata, kada ku ce “a taimaka wa naƙasassu”. Ku ce cibiyar yini guda a ƙaramar hukuma kaza, mai ɗaukar mutum kaza, ma'aikata kaza, kuɗin wata naira kaza, a ƙarƙashin layi kaza. Ku nemi wani akanta ko tsohon ma'aikacin gwamnati ya taya ku lissafin. Takarda mai shafi biyu da adadi a jiki ta fi jawabin awa guda.

Kuma kada ku tsaya a ƙofa ɗaya. Jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, masu kason marasa galihu. Ku nemi a rubuta 'ya'yanku a ciki. Ma'aikatar da ke koyar da sana'o'i ma tana da kasafinta.

Za a tambaye ku, su nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa mai tsanani. Wannan adadi yana da kyau a takarda, amma ba ya motsa ɗan majalisa. Abin da ke motsa shi rajista ce ta mazaɓarsa: ku bi gida-gida tare da masu unguwa, ku rubuta shekaru, irin larura, da wanda ke riƙe da mutum, da yardar iyalin, ba tare da yaɗa sunaye ba. Masu larurar ƙwaƙwalwa su ne aka fi ɓoyewa a cikin gida, ba a ganinsu a titi, shi ya sa ake mantawa da su ko a cikin ƙungiyoyin naƙasassu.

Wannan ya kawo ni ga haɗin kai. Ku shiga reshen jiharku na JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ku gaisa da sarkin makafi da sarkin guragu, ku daidaita buƙata kafin ku shiga majalisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kowane ɓangare ya zo da tasa takarda, jami'i zai ce ku je ku shirya tukuna. Lokacin da ma'aikatu ke kare kasafinsu a gaban kwamitoci, da ranar sauraron ra'ayin jama'a, ku je da 'ya'yan naku, wanda zai iya magana ya yi da bakinsa.

In Allah ya sa layin ya shiga, kada ku watse. Sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Ma'aikata sai ta rubuta takardar neman saki, gwamna ya amince, akanta janar ya biya. Tun shirin SFTAS na Bankin Duniya da aka fara a 2018 don ƙarfafa wa jihohi su riƙa bayyana yadda suke kashe kuɗi, jihohi suka saba wallafa kasafinsu da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku a intanet. Ku sa wani matashi a cikinku ya sauke na bana, ya nemo layin hukumarku, ya duba nawa aka ware, nawa aka kashe. In ya tarar da sifili a wata na shida, ku rubuta wa kwamishina, ku ba shugaban kwamitin majalisa kwafi, ku kai maganar gidan rediyo da takardar a hannu. Wannan rahoton na bana shi ne abin da za ku fara ajiyewa a teburin darakta in Yuli ya zo.