Za a fara min kemo, zan iya ajiye ƙwai don haihuwa nan gaba?

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce shekarunki 29, kina da aure a Kaduna ba ki haihu ba, kuma an gano kansar mama. Eh, ana iya ajiyewa, amma kafin allurar kemo ta farko, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, domin maganin yana iya lalata ƙwayayen haihuwa da ke jikin mace. Ki faɗa wa likitan kansarki a wannan makon, kada ki jira shi ya fara ɗauko zancen.

Za a yi miki allurar homon, sinadarin da ke sa ƙwai su nuna, kullum na kwana 10 zuwa 12, sannan a zuƙo ƙwan da siririyar allura kina cikin barci. Idan kansar irin mai ƙaruwa da homon ɗin mata ce, sukan haɗa da letrozole, maganin da ke rage wannan homon ɗin. Ana daskarar da ƙwan nan take a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tulun da ake ajiye ƙwan a ciki ba ya aiki da wutar lantarki, ƙara masa ruwan kawai ake yi, don haka ki tambayi yadda suke lura da shi da kuɗin ajiya na shekara. Kina iya buƙatar zuwa Abuja, inda cibiyoyin ajiye ƙwai suka fi na Kaduna yawa.

Tunda kina da miji, ana iya haɗa ƙwan da maniyyinsa a ajiye. Sai dai malamai sun sharɗanta a mayar da shi mahaifarki alhali auren yana nan, ban da bayan saki ko rasuwa. Ni da zan ba ki shawara, ki ajiye wasu ƙwan zalla, ba a haɗa ba.